Wa Ya Shaida Layin da Na'ura Ta Ja Tsakanin Zinare da Bindiga?

Ɗalibin da zai rubuta kundin kammala digiri a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko na difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, ya sami wani abokin shawara da yayyensa ba su samu ba. A da sai ya sha sintiri tsakanin laburare da ƙofar ofishin malami kafin ya tsayar da batu. Yanzu yana zaune a bencin mai shayi zai rubuta "haƙar zinare a Zamfara" cikin wata manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya ce ta zana masa yadda batun ya sarƙe da sauran batutuwa. Kafin a gama soya masa ƙwai fuskar wayar ta cika da da'irori da layuka. Ga zinare a tsakiya, layi ɗaya ya miƙe zuwa gubar dalma, wani ya nufi 'yan bindiga, wani rashin aikin yi, wani barin makaranta, wani farashi a kasuwar duniya. Duk reshen da ya taɓa da yatsa sai ya sake yin wasu rassan.

Abin yana da kyan gani, kuma yana da amfani na haƙiƙa. Sai dai duk layin da aka ja tsakanin da'ira biyu da'awa ce, ana cewa wannan yana da alaƙa da wancan. Manhajojin nan kuwa hanyoyi aƙalla uku suke bi kafin su ja layi. Darajar hanyoyin ba ɗaya ba ce, amma in sun fito a allo kamarsu ɗaya. Wanda bai san ta wace hanya layinsa ya zo ba, bai san abin da ya riƙe ba.

Hanyar da ta fi tsufa, kuma ta fi tsabta, ita ce bin sawun madogara. Duk maƙalar da aka buga a mujallar ilimi tana jera ayyukan da ta dogara da su. Tun 1964 Eugene Garfield ya fara fitar da kundin da ke nuna wa ya ambaci wa a duniyar kimiyya. Daga nan aka gano dabaru biyu masu sauƙi. Ta 1963 ta ce maƙala biyu da suka dogara da ayyuka iri ɗaya, da wuya a ce ba batu ɗaya suke kewayawa ba. Ta 1973 ta ce maƙala biyu da marubutan baya ke yawan ambatonsu tare su ma 'yan gida ɗaya ne. A kan waɗannan dabaru biyu aka gina manhajar Connected Papers: ka ba ta maƙala guda, ta zana maka danginta, girman da'ira na nuna yawan waɗanda suka ambace ta, launi na nuna shekara. ResearchRabbit da Litmaps ma a wannan fage suke, haka VOSviewer da aka ƙera a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan. A nan layi yana da shaida, domin wani ɗan Adam ne ya zauna ya rubuta sunan aikin wani a ƙarshen nasa. Illarsa ɗaya, bai gaya maka dalilin ambaton ba. Wanda ya ambace ka don ya yaba da wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, layi iri ɗaya za a ja musu.

Hanya ta biyu ƙidayar maƙwabtaka ce. Na'ura ta ɗauki rubutu ta duba waɗanne kalmomi ne ke yawan zuwa kusa da juna, sai ta ɗaure su. Manhajar InfraNodus haka take aiki. Sabon salon wannan hanya, wanda ya yi ƙarfi tun 2013 lokacin da injiniyoyin Google suka fitar da word2vec, shi ne a mayar da kowace kalma ko sakin layi jerin lambobi ɗaruruwa, ta yadda abubuwan da ake faɗa a mahalli iri ɗaya lambobinsu za su kusanci juna. Layi a nan ma'anarsa "ana yawan ganinsu wuri ɗaya". Iyakarsa ke nan.

Ta uku ita ce wadda ɗalibinmu na wurin mai shayi ya bi, kuma ita ta fi yaɗuwa tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, Gemini da Claude da sauransu suka biyo. A nan ba ƙidayar madogara aka yi ba. Manhajar ta koyi harshe daga tarin rubuce-rubuce, tana hasashen abin da ya dace ya biyo bayan abin da aka faɗa, sai ta rubuta maka jerin alaƙoƙin da suka yi kama da abin da masani zai ce, a zuba su cikin zane. Sau da yawa hasashen ya faɗa daidai. Wani lokacin kuma ta ƙaga, ta kuma ƙaga da cikakken ƙwarin gwiwa. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar lauyoyi dala 5,000 saboda sun shigar da takarda ɗauke da tsofaffin shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙirƙira, har da sunaye da lambobinsu. In ƙarya ta iya shiga takardar kotu cikin jimloli, shigarta zane ya fi sauƙi, don layi ba ya ɗauke da kalmar da za ta sa ka tsargu. Tsakanin wannan hanya da ta biyu akwai irin NotebookLM na Google, wanda ke zana taswira daga takardun da kai ka ɗora masa kawai, kuma ka iya bin sa bashin shafin da ya ɗauko magana. Wannan ya rage ƙage sosai, amma abin da ka zuba masa shi zai dama maka.

Har wurin da da'ira ta zauna a allo bai kamata a ɗora masa nauyi ba. Yawancin zanukan nan lissafi ne ke sa da'irori su riƙa ture juna, layuka su riƙa janyo su, har komai ya tsaya. Sake danna maɓallin, abin da ke hagu ya koma dama. In kuma lambobi ɗaruruwa aka matse suka dawo tsawo da faɗi kawai, dole wasu maƙwabta su rabu, wasu baƙi su haɗu. Na sha ganin ɗalibi yana cewa "Malam dubi yadda suke kusa", alhali kusancin nan sa'ar zane ce.

To mene ne amfanin? Amfanin yana wurin da ilimi ya rarrabu ɗaki-ɗaki, kowa ya kulle nasa. Don Swanson na Jami'ar Chicago ya nuna haka a 1986, tun ba a san waɗannan manhajoji ba. Ya lura cewa wasu likitoci sun rubuta cewa man kifi yana rage kaurin jini da mannewar ƙwayoyinsa. Wasu likitocin daban, a mujallu daban, sun rubuta cewa masu cutar Raynaud, wadda ke hana jini isa yatsu in an yi sanyi, suna fama da kaurin jini. Ɓangarorin biyu ba sa karanta juna. Swanson, wanda ba likita ba ne, ya haɗa su ya ce a gwada man kifi a kan cutar, kuma gwajin da aka yi daga baya ya nuna maganarsa tana da tushe. A 2019 wasu masu bincike suka buga a mujallar Nature cewa sun ciyar da na'ura tsakuren maƙalu miliyan 3.3 na kimiyyar sinadaran ƙere-ƙere, ta kuma iya nuna sinadaran da za su yi wani aiki shekaru kafin a gwada su a kai. A duk misalan biyu tambaya ce na'ura ko taswira ta bayar. Amsar a ɗakin gwaji aka samo ta.

Zamfara tana da irin wannan sarƙa, kuma mun biya ta da tsada. Ozar zinare, wato ma'aunin kusan giram 31, da ba ta kai dala 300 ba a 2001 ta haura dala 1,000 a 2009. Mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, suka ga dutse ya fi gero kawo kuɗi. Dutsen da suke haƙowa kuwa cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gari a buhu, a farfasa da guduma, a zuba a injin niƙa irin na hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida inda mata ke aiki yara ke rarrafe. Ƙurar ta zauna a ƙasa, a tabarma, a hannun yaro, hannun kuma ya tafi baki. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar yara na mutuwa da amai da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Aƙalla yara 400 suka rasu. Maganin da ke fitar da dalma daga jini kuma ba ya amfani in yaron zai koma gidan da ƙasarsa ke da guba, don haka sai da aka riƙa kankare ƙasar gidaje ana zuba sabuwa. Bagega ba ta sami wannan aikin ba sai 2013, saboda jinkirin sakin kuɗin gwamnati.

Dubi fannoni nawa ke cikin wannan labari: kasuwar duniya, ilimin duwatsu, tsarin gidan Bahaushe da inda mace ke aiki, lafiyar yara, jinkirin sakin kuɗin gwamnati. Ɗalibin tattalin arziki ba zai je sashen ilimin ƙasa ba, na kiwon lafiya ba ruwansa da farashin oza. Taswira mai kyau tana jera su a shafi ɗaya cikin minti biyu, ta sa mai nazari ya ga cewa batunsa yana da ƙofofin da bai taɓa ƙwanƙwasawa ba. Wajen laluben batu da kai-komon tunani, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni dai ban ga laifin malamin da zai ce wa ɗalibansa su fara da haka ba. Haka wanda ke nazarin noman fadama, zane na iya tuna masa cewa madatsar ruwan Bakolori da aka kammala a 1978 kusa da Talata Mafara ta rage ambaliyar da manoman shinkafa da masunta na ƙasa da ita suka dogara da ita, har da waɗanda ba su taɓa ganin madatsar da idonsu ba.

Amma akwai wani abu a labarin 2010 da babu na'urar da za ta iya zanawa a lokacin. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wadda ta aiko da ma'aikatanta, ta ba da labarin cewa tun farkon shekarar agwagi suka fara ɓacewa a yankin. Mutane sun lura, ba wanda ya ɗauka wani abu ne, sai daga baya da aka tambaye su suka faɗa. Agwagwa da yaro ƙasa ɗaya suke tsinta. Wannan shi ne layi mafi muhimmanci a taswirar gaba ɗaya, yana cikin kan matan ƙauye, ba wanda ya rubuta shi, balle ya hau intanet. Duk hanyoyi ukun nan da rubutu suke rayuwa.

A nan ne matsalar ta fi tsananta gare mu. Wasu manhajojin suna tallata kansu da cewa suna nuna maka giɓi, wato rukuni biyu na batutuwa da babu layi tsakaninsu, su ce nan ne sabon bincike yake. A fannin da aka rubuta maƙalu dubbai, giɓi na iya zama giɓin ilimi da gaske. A kan Zamfara kuwa, yawanci giɓin taswira giɓin abin da aka ɗora ne. Kundayen digiri nawa ne kan Zurmi da Maradun da Ɗansadau ke jibge a kantocin laburaren Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Ahmadu Bello, da bangon kwali, ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsu? Rahotannin jami'an mulkin mallaka suna gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna. Akwai na Arewa House, akwai na hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai rubuce-rubucen ajami a zaurukan malamai. Ɗalibi ya ga fili fari a allo ya rubuta a babi na biyu cewa ba a taɓa bincike a kan wannan ba, alhali an yi tun kafin a haife shi.

Sai kuma ruɗanin sunaye, wanda ya fi ƙarfin a kira shi ƙaramin aibi. Jihar Zamfara a 1996 aka ƙirƙiro ta. Kusan duk abin da aka rubuta kan Bakolori, da rikicin manoma da 'yan sanda na 1980, da audugar Gusau, an rubuta shi ne a ƙarƙashin sunan Sakkwato, don haka wanda ya nemi "Zamfara" kawai ya yanke wa kansa shekaru da dama. Tsafe a tsofaffin takardu Chafe ce, Kwatarkwashi kuma Kotorkoshi, na'ura sai ta ba kowanne da'ira biyu. Wani lokacin kuma akasin haka take yi, ta cusa abubuwa uku a da'ira ɗaya: garin Gummi, da marigayi Shaihu Abubakar Gumi wanda aka haifa a can, da ɗansa Dakta Ahmad Gumi wanda ya shiga dazukan Zamfara a farkon 2021 don tattaunawa da 'yan bindiga. In ka ɗora hirar da ka yi da dattijon da ke magana da harshen gida, duk inda ya ce "anka yi" ko "anka ce", mai ƙidayar kalmomi na iya lissafa shi a matsayin garin Anka, ka wayi gari Anka ta zama cibiyar komai.

Mu dawo kan layin da ya fi kauri a kusan duk taswirar da aka zana kan zinaren Zamfara, wanda ya haɗa shi da 'yan bindiga. Me ya sa ya yi kauri? Saboda jaridu sun ambace su tare sau ba adadi. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar tana mai cewa akwai alaƙa tsakaninta da ta'addancin daji. A Maris na 2021 aka hana jirage shawagi a samaniyar jihar. A wannan shekarar kuma aka rufe kasuwannin mako, a Satumba aka katse layukan waya. Haramcin haƙar bai tashi ba sai Disambar 2024. Kowanne daga cikin waɗannan ya haifi ɗaruruwan rahotanni, kuma da yawansu jawabi ɗaya suke maimaitawa. Na'ura mai ƙidaya ba ta bambanta shaidu ɗari da shaida ɗaya da aka kwafa sau ɗari.

Ba ina cewa babu alaƙa ba ne. Tambayata ita ce wace iri. Zinare ne ke sayo bindiga? Ko 'yan bindiga ne ke karɓar haraji a bakin rami? Ko sun kori mahaƙa sun karɓe ramin? Ko mahaƙan ne ke biyan su don a bar su su yi aiki? Ko kuwa kibiyar ta juya, rashin tsaro ne ya hana mutane gonakinsu na nesa suka koma haƙa? Kowace daga cikin waɗannan bincike ne mai zaman kansa, da mutanen da za a tambaya daban, da maganin da zai biyo baya daban, kuma ba mamaki a sami wannan a wata gunduma, wancan a wata. An sace ɗalibai mata na Jangebe a Fabrairun 2021, haramcin haƙa na kan aiki. Wani zai ce wannan ya nuna zinare ba shi ne tushe ba, wani ya ce haramcin ne bai taɓa isa daji ba. Layi guda mara rubutu ya haɗiye duk wannan gardama. Ya kuma danne wasu layukan da ba su da kauri a jarida amma mutanen karkara da su suke fara labari: satar shanu, cinye burtali da makiyaya, rikicin 'yan sa-kai, shari'ar da ba ta biya wa kowa buƙata ba.

Mu da muka tashi a ƙasar karatun zaure bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Malaman hadisi sun daɗe suna zana wa ya karɓa daga wa, kuma ba su taɓa yarda cewa zaman mutum biyu a gari ɗaya, a zamani ɗaya, shi kaɗai ya isa hujja ba. Sai an duba amincin mai ruwaya, an duba ko haɗuwarsu mai yiwuwa ce, har sharaɗin da ake jingina wa Imamu Bukhari ya kai ga sai an tabbatar sun haɗu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu littafi guda ya rubuta don ya jera malamansa da abin da ya karanta a gaban kowannensu. Taswirar ƙidayar maƙwabtaka ta tsaya ne a "sun zauna gari ɗaya". Ta hasashen manhaja kuwa ko nan ba ta kai ba, cewa take "ya dace a ce sun haɗu".

Joseph Novak, wanda ya ƙirƙiro taswirar ma'anoni a Jami'ar Cornell a 1972, ya sa ƙa'idar da yawancin manhajojin yau suka watsar: a rubuta kalmar haɗi a kan kowane layi, ta yadda da'ira da layi da da'ira za su karantu jimla guda. Wannan ƙa'ida ita ce gwaji mafi arha da na sani. Na ga wani malami yana yi wa ɗalibarsa. Ta shigo da zanen da ta buga a shagon kwamfuta, mai launi, ta ce, "Allah gafarta Malam, ga yadda na ga batun ya haɗu." Ya ɗauki jan biro ya ɗora a kan layin da ke tsakanin haƙar zinare da barin makaranta, ya ce, "Karanta mini wannan." Ta ce suna da alaƙa. Ya ce, "Na ji. Yaran ne ke barin aji su tafi rami, ko makarantar ce aka rufe suka rasa wurin zuwa? Wa ya faɗa, a wane gari, a wace shekara?" Layukan da ta iya amsawa ya bar su. Waɗanda ta ce za ta duba ya mayar da su ɗigo-ɗigo. Waɗanda ta yi shiru a kansu ya soke. Abin da ya rage bai kai rabin zanen ba, kuma batun kundinta daga cikin masu ɗigon ya fito, ba daga masu kaurin ba.

Akwai dalilin da ya sa haka. Layi mai kauri shi ne wanda kowa ya riga ya faɗa. In aji guda suka rubuta tambaya iri ɗaya a manhaja iri ɗaya, kusan taswira ɗaya za su samu, sai malami ya karɓi batutuwa arba'in masu kama da juna. Wani bincike da aka buga a mujallar Science Advances a 2024 ya ga irin wannan a rubutun gajerun labarai: waɗanda suka karɓi shawara daga na'ura an fi yaba labaransu ɗaya-ɗaya, amma labaran sun fi kama da juna in an jera su. Shi ya sa na fi son mutum ya fara zana tasa taswirar da biro, daga abin da ya sani da abin da ya ji a gida, kafin ya buɗe waya. In ya kwatanta biyun, abin da na'ura ta kawo wanda babu a tasa shi ne karatun da ke gabansa. Abin da ke tasa wanda na'ura ba ta sani ba, a nan ake samun abin da ba a rubuta ba tukuna, kuma ɗan Bungudu ko Shinkafi ya fi kowa damar rubuta shi.

Sauran dabarun kaɗan ne. A nemi manhajar ta sa aikatau a kan kowane layi, ta kuma faɗi inda ta samo shi, sannan a buɗe madogarar da ido, domin tana iya kawo maƙala ta gaske ta jingina mata abin da ba ta ce ba. A gwada sunan wuri da duk rubutunsa, tsoho da sabo. A yi tambayar da Hausa a sake yi da Turanci, don abin da aka rubuta da kowanne ya bambanta. A kuma ce mata ta kawo hujjar da ke rushe layin, ba mai ƙarfafa shi kaɗai ba, saboda in an bar ta tana son bin bakin mai tambaya.

Abu na ƙarshe ya shafi rai, kuma ban ji ana yawan faɗarsa ba. Mai bincike kan tsaro ko haƙar ma'adinai yakan dawo daga ƙauye da hirarraki cike da sunaye: mai unguwar da ya je sulhu, direban da ke kai kaya, dillalin zinare, matar da aka biya wa kuɗin fansa. In ya ɗora rubutun kamar yadda yake, ya aika sunayen nan zuwa kwamfutocin kamfanin da ke wata ƙasa, waɗanda bai karanta sharuɗɗansu ba. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi kusa da gida. Manhajar za ta ja layi tsakanin sunan mai unguwar da sunan wani ƙasurgumin ɗan bindiga don kawai sun fito a sakin layi ɗaya, ko da abin da jimlar ta ce shi ne ɗan bindigar ya ƙona masa rumbu. A ɗauki hoton allon, ya shiga WhatsApp, babu jimlar tare da shi. A Zamfara ta yau zargin infoma kashe mutum yake yi, kuma ba a jiran kotu. Don haka kafin a ɗora kowace hira a cire sunayen mutane a sa lambobi, ƙaramin ƙauye ma a sakaya shi, tunda a garin da ke da mai unguwa ɗaya faɗin sunan garin faɗin sunansa ne. Takardar da ke nuna wace lamba ce ta wane kuwa kada ta shiga wayar ko kwamfutar da ake aikin da ita.